Muryoyin da Na Bari a Ɗakin Ajiya

Ku 'ya'yana, na san abin da ake gaya muku. Baffanku Lawal ya ce lalaci ne ya sa zan bar aikin jami'a ban zama farfesa ba, wasu kuma sun ce taurin kai ne ya haɗa ni da manyan sashenmu. Lalacin dai ƙarya ne. Taurin kan kuwa ba zan yi rantsuwa a kansa ba, tunda kun san gidan da na fito. Amma akwai shekara guda da komai ya juya a cikinta, kuma gara ku ji labarinta daga bakina tun ina iya ba da shi. Ba don ku tausaya mini nake rubutawa ba. Duk sanda na tuna shekarar nan, ajiyar zuciya nake yi in ce alhamdulillahi, kamar wanda ya taka igiya a gona ya duba ya ga igiyar ce dai.

Kun san gidan kakanku a Magamar Jibiya, amma kun san shi bayan ya yi shiru. Da ƙuruciyata Baba mai masauki ne. 'Yan kasuwa da direbobi daga Maraɗi idan sun tsallako boda, gidanmu suke sauka. Baba ne zai ba su wurin kwana, ya nemo musu mai sayen wake ko dabbobin da suka kawo, ya tsaya musu idan rigima ta taso, ya kuma ajiye musu abin da ba su sayar ba har su dawo. Akwai wani ɗaki a bayan zaure, ɗakin ajiya, makullinsa na rataye a wuyan Baba da igiyar fata, ko wanka zai shiga da shi yake shiga. Abin da baƙo ya sa a ɗakin nan, baƙon ne kaɗai zai fitar. Na taɓa ganin wasu tsofaffin fatu sun shekara da shekaru a ciki har gara ta fara lasarsu, Inna tana ta mitar wari, Baba ya ce mai su bai zo ba. Ita kuma Inna tana da wata ƙatuwar tukunya da muke kira tukunyar baƙi. Idan ka ga an ɗora ta, ka san gida da mutane. Baba ba shi da shago, ba shi da mota. Abin da yake da shi kawai shi ne mutanen Maraɗi sun yarda cewa abin da ya shiga gidansa, kaya ne ko magana, ba ya fita sai da izinin mai shi. Da wannan yardar ya ciyar da mu, da ita aka saya mini littattafai.

Na makara da karatun digiri na uku, don na daɗe ina koyarwa a sakandare kafin in shiga jami'a. Da na shiga sai na tarar sashenmu gida biyu ne. Akwai 'yan adabi, masu waƙa da labari, akwai 'yan harshe, masu fiɗar jimla. Ni kuma na ɗauko wani aikin da ko wanne gida bai san inda zai ajiye shi ba. Ana tara maganar mutane yadda suka yi ta da bakinsu, a rubuce ta kaf har da tari da "to" da "ka gane", a zuba a kwamfuta, sannan a tambaye ta: wace kalma ce ke bin wace, a bakin wa, a wane hali. Rumbun magana nake ce masa. 'Yan adabi suka sa mini suna akawun kalmomi. Tsofaffin 'yan harshe kuwa sun saba su zauna a ofis su ƙirƙiro misali da kansu, kullum Audu ya sayi rago, Audu bai sayi rago ba. Na taɓa cewa a taron sashe Audun nan ya isa ya buɗe turke, ya kamata mu je kasuwa mu ji yadda ake sayen ragon. Ba su yi dariya ba. Mutum ɗaya ce ta murmusa, Farfesa Asabe, kuma ita ce ta yarda ta duba aikina.

Abin da nake nema shi ne yadda ake ƙulla ciniki a bakin boda, inda Hausar Katsina da ta Maraɗi suke zama tabarma ɗaya, wannan ya ce kwastan wancan ya ce duwan, kuma kowa ya gane. Ina zan sami irin wannan magana fiye da zauren babana? Na je gida da 'yar na'urar ɗaukar murya wadda ba ta kai tafin hannu ba, na yi wa Baba bayani. Ya juya ta, ya shinshina ta kamar kilishi. Bayan la'asar da baƙi suka cika zaure, shi da kansa ya ajiye ta a tsakar tabarma.

"Wanga akwati na Hamisu ne," in ji shi. "Magana shika ɗauka, don karatunai. Wanda bai so, shi ce, a kashe. Wanda ya yi magana kuwa, a gidana ya yi ta."

Ba wanda ya ce a kashe. Da farko kowa ya gyara murya kamar ana hira da shi a rediyo, daga baya suka manta da ita. Wanda bai taɓa mantawa ba shi ne Alhaji Sahabi, babban baƙon Baba, dattijo mai fataucin wake, wanda tun kafin a haife ni yake sauka gidanmu. Shi son akwatin yake yi. Da ya zauna zai jawo shi kusa da gwiwarsa ya ce, "Ɗan lakkwal, kunna," wato ɗan boko a Hausar Maraɗi. Yana da wani labari na ranar da kamyonsa, wato babbar motarsa, ta kafe a rairayi da damina, kuma bai taɓa kai ƙarshensa ba. Kullum sai ya ratse zuwa tsadar taya, ko auren ɗiyar wani, har a kira magariba a tashi. Kuma duk maganar da zai yi sai ya rufe ta da cewa, "To, mu dai muna nan, ba mu gaba ba mu baya."

Na tara magana mai yawa. Na zauna da abin ji a kunne na rubuce ta duka da hannuna, har wuyana ya sage. A irin rubutunmu na jami'a mutum ba ya cewa gidan babana. Zauren da na yi rarrafe a cikinsa ya koma "wani gidan 'yan kasuwa a kan iyaka", Alhaji Sahabi ya koma harafi da lamba. Haka ƙa'idar take, kuma na bi ta da murna, don ina so a ce ni ma ɗan fagen ne, ba malamin sakandaren da ya shigo da tsufa ba.

Sai ga babbar dama. Wasu masana a ƙasar waje suna haɗa rumbun harsunan Afirka, sun ga taƙaitaccen bayanin aikina, suka ce suna so su buga shi a mujallarsu, su kuma sa ni cikin tawagarsu. Farfesa Asabe ta kira ni ofis, fuskarta kamar ita aka zaɓa. Ta ce wannan takarda ɗaya ta fi goma a mujallun gida, da ita za a ciyar da ni gaba, daga nan hanyar farfesa a buɗe take. Sharaɗi ɗaya ne. A fagen nan ba a yarda da maganar mutum sai an ga abin da ya dogara da shi, don haka dole a ɗora rubutun da muryoyin duka a intanet, inda kowane mai bincike zai iya saurara ya tabbatar ban ƙirƙira ba.

"Ai ka cire sunaye," ta ce. "Kuma sun yarda ka ɗauka. Mene ne saura?"

Ba ta faɗi abin da ba daidai ba. Ƙa'idar tana da dalili, kuma ni kaina na sha zagin masu Audu da ragonsa don ba wanda zai iya bin diddiginsu. Na koma gida ina lissafin irin babbar rigar da zan ɗinka.

Mahaifiyarku Rabi ce ta ɓata mini lissafin, kuma ba da niyya ba. Tana tsince shinkafa a tsakar gida, ni kuma ina cika baki ina nuna mata yadda na ɓatar da kowa. Na ce bari in karanta mata layi ɗaya ta ga ko za ta gane mai shi. Na karanta, "To, mu dai muna nan, ba mu gaba ba mu baya."

Ko kai ba ta ɗago ba. "Ai wannan Alhaji Sahabi ne. Yana lafiya?"

Na ajiye takardar. A takarda ke nan, babu murya, babu dariyar nan tasa mai kama da tari. Rabi kuwa sau nawa ma ta taɓa ganinsa? Na koma na sake sauraren abin da na tara, wannan karon ba ina neman kalmar da ke bin kalma ba. Sai na ji abin da ke ciki. Mutane a zauren da suka amince da shi ba ciniki kawai suke yi ba. Wannan ya faɗi wanda ya cuce shi. Wancan ya faɗi halin da gidansa ke ciki. Direbobi suna kwatanta hanyoyin daji da 'yan babur ke bi idan titi ya yi zafi, ta ina ake shiga, gindin wace bishiya ake jira. Ba ina wanke kowa ba ne, na san akwai abin da doka ba ta yarda da shi ba a ciki. Amma ba ni suka gaya wa ba, kuma ba duniya suka gaya wa ba. A gidan Baba suka yi magana, shi ya faɗi haka da bakinsa.

Na nemi mafita. Na tambayi mutanen waje ko za su karɓi rubutu kawai, in cire wuraren da ke da haɗari. Suka amsa da ladabi cewa aikin ciniki ba ya tabbata sai an ji sauti, inda murya ta hau da inda ta sauka, kuma rabin rumbu ba rumbu ba ne. Na yi tunanin in koma in nemi izinin kowa ɗaya bayan ɗaya, amma wasu direbobin ban ma san garinsu ba, kuma yaya zan yi wa dattijo bayanin cewa duk wanda ke da waya a duniya zai iya jin sa har bayan ransa, ya gane, ya kuma amsa ba don kunyar Baba ba? Na rubuta musu na ce na gode, ba zan iya ba.

Farfesa Asabe ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Hamisu, ka yanke shawara ko kai wane ne. Idan kai ɗan rumbu ne, rumbu a buɗe yake. Idan kai mai ba da labarin gidanku ne, ga 'yan adabi can ƙarshen baranda."

Na ce, "Ranki ya daɗe, su ma ba za su karɓe ni ba."

Haka kuwa aka yi. Aka ciyar da sa'o'ina gaba ina kallo. Wani da na koya wa yadda ake buɗe manhajar rumbun ya shiga tawagar a madadina, da maganar da ya kwaso daga rediyo. A ɗakin shan shayi aka ce akawu ya ƙirga kalmomi har ya ɓata a ciki. Zan gaya muku gaskiya, na ji zafi ƙwarai. Watanni ina ganin na yi wauta, na jefar da abin da ba zai dawo ba saboda wani haɗari da wataƙila ba zai taɓa zuwa ba. Wa ke da lokacin sauraren hirar tsofaffin Magama a intanet? Ku da kuke gida lokacin kun sha tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma yanzu kun san dalili.

Ana nan sai aka rufe boda. Titi ya mutu, manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, kowa ya koma daji. Wata safiya Inna ta kira ni. Ita ba ta kiran waya sai dai a kira ta, don haka da na ga lambar na san ba lafiya ba.

"Hamisu, ka zo gida. Na kife tukunyar baƙi."

Na ce wa ya rasu. Ta ce ba wanda ya rasu, amma an tare kayan Alhaji Sahabi a daji wajen Riko, daidai inda 'yan babur ke jira, an kwashe. Kuma magana ta zaga kasuwa har Maraɗi cewa ɗan mai masauki ya sayar wa hukuma akwatinsa. Tun daga ranar ko mai neman ruwan alwala bai leƙo zauren ba, Baba kuma ya daina cin abinci sai kunu.

Na kama hanya a ranar. Na tarar da Baba shi kaɗai a zaure, tabarmi a naɗe a jingine da bango. Ban taɓa ganin ƙasan zauren nan tsirara ba sai ran nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Bai tambaye ni iyali ba.

"Tambaya guda zan maka. Maganar baƙina, wa ya ji ta?"

Yara, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Duk watannin nan ina ɗauke da baƙin ciki kamar buhun gishiri a ka, sai a lokacin na ji an sauke mini shi. Da na ɗora muryoyin nan, ko da ba wanda ya taɓa buɗe su, ko da kamun Alhaji Sahabi ba shi da alaƙa da su ko kaɗan, ba zan iya amsa tambayar nan ba. Sai dai in ce ban sani ba. Amma na dubi idon babana na ce, "Ba kowa, Baba. Kunnena kaɗai."

Sai ya leƙa cikin gida ya ce Inna ta kawo tuwo.

Baba ya aika Maraɗi, ya ce ba ya roƙon kowa ya dawo, amma yana da haƙƙin a zo a ji. Suka zo ranar kasuwa bayan la'asar, su kaɗan, a kan babura. Alhaji Sahabi ya zauna a bakin ƙofa, wurin da baƙon da ba a sani ba yake zama, bai ma cire takalmi ba. Na ba su labari tun daga farko, da mutanen waje, da sharaɗinsu, da abin da na amsa. Na ce a shirye nake in dafa Alƙur'ani. Sannan na ce akwai abu ɗaya da zan cire daga rantsuwar, layi ɗaya na taɓa karanta wa matata, ban faɗi suna ba, ta ce Alhaji Sahabi ne.

"Wane layi?" in ji shi. Maganarsa ta farko ke nan.

Na faɗa. Wani direba ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Alhaji Sahabi bai yi dariya ba.

Daga nan na yi abin da na shirya tun a mota. Na fito da na'urar da ɗan faifan da na tara komai a ciki, na gaya musu na goge na kwamfutar ofis, waɗannan ne kaɗai suka rage. Na naɗe su a ƙyalle na miƙa wa Baba na ce ajiya ce, ta baƙinsa, a sa a ɗaki. Duk abin da zan rubuta nan gaba sai na zo na karanta wa mai maganar ya ce na sallama. Baba ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe ɗakin a gabansu, ya ajiye ƙullin a kan wani buhu, ya kulle. Alhaji Sahabi ya miƙe ya ce sai an jima, ya hau babur. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Har yau ban san yadda aka gano wurin jiran nan ba. Wuri ne da duk mai babur a Jibiya ya sani.

A haka na ƙarasa digirin, a hankali, ina zuwa Magama da takardu ina karanta wa mutane maganarsu. Wasu suka ce a cire, na cire. Aikin ya fito ƙarami, a mujallar gida, kuma a shafin farko na rubuta cewa gidan mahaifina ne, muryoyin kuma ba nawa ba ne da zan bayar. Farfesa Asabe ta ja layi a ƙarƙashin wurin da jan biro, amma ta bar shi. Ƙullin nan yana ɗakin har yanzu, makullin yana wuyan Baffanku Lawal, wanda bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Idan na mutu wani ya zo daga jami'a da takarda mai hatimi, ku ba shi ruwa ku ba shi abinci, ku ce masu kayan ba su zo ba.

Amma ban kai ku ranar da nake son ku riƙe ba. Bayan zaman nan da 'yan makonni na sake zuwa gida duba Baba. Tun daga bakin titi na hango hayaƙi ya yi yawa a kan gidanmu. Na shiga ta ƙofar baya na tarar da Inna ta ɗora tukunyar baƙi, tana fifita wuta tana yi wa kowa faɗa, alamar tana cikin farin ciki ke nan. A ƙofar zaure takalma sun taru. An shimfiɗa tabarmi. Alhaji Sahabi yana wurinsa na da, kusa da Baba, ya miƙe ƙafa yana sukar shayin gidan kamar yadda ya saba. Na durƙusa na gaishe su, na koma gefe na rakuɓe.

"Ɗan lakkwal," ya ce, bai ko dube ni ba. "Ina akwatin?"

Na ce, "Baba Alhaji, yana ɗakin ajiya. Sai mai kaya ya ce a fitar."

"To ni ad da kaya. Mai gida, buɗe mashi."

Baba ya ciro makullin, ya buɗe ɗakin ya ɗauko ƙullin. Na kwance ƙyallen, na sa sabon batir, na ajiye na'urar a tsakar tabarma. Alhaji Sahabi ya jawo ta kusa da gwiwarsa, ya gyara zama.

"Kunna. Ina munka tsaya?"

Na ce, "Inda kamyon ya kafe a rairayi."